Ni da Surukata da Kunzugun Ɗan Fari

Ɗana na fari a tsakiyar bazara ya zo, kuma sai da aka yi wa uwarsa aiki. Kwana biyu tana naƙuda kafin likita ya ce ba za ta iya haihuwa da kanta ba. A tsaye na sa hannu a takardar, a barandar asibiti. Ni malamin dabbobi ne, na sha zura hannu har kafaɗa in jawo maraƙin da ya zo a gicciye, ban taɓa jin ɗar ba. Amma ran nan sai da nas ta danne mini takardar a jikin bango, sannan na iya sa hannun.

Da haihuwar ta zo da sauƙi, da ban san komai ba cikin abin da zan faɗa. Haihuwar fari a gidan iyayen mace ake wankanta, kuma iyayen matata suna nan Sandamu, ba wata tafiya ba ce. Sai dai an ce duk bayan kwana biyu a dawo da ita a wanke ɗinkin, kuma kada a riƙa jijjiga ta a mota. Don haka ta zauna a gidanmu, a sabuwar unguwa bayan garin Daura, ta wajen hanyar Mai'adua. A lokacin gidajen unguwar tsilli-tsilli suke. Tsakaninmu da maƙwabciyar da ta fi kusa akwai kangaye biyu da wani fili da ake ɗaure awaki.

Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Yayata ce ta zo daga Mashi ta riƙe komai, daga dafa ruwan zafi har dama kunu. Surukata ma ta zo, wadda muke ce wa Inna. Ba a son ranta take kwana gidan suruki ba, dole ce ta kawo ta, shi ya sa tun da ta shiga ɗakin 'yarta ba ta leƙo tsakar gida sai in za ta yi alwala. Shekara uku da aurenmu ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ita kuma ba ta taɓa kama sunana ba, Malam take cewa. Da safe in cire takalmi in durƙusa a bayan labule in gaishe ta, ta amsa daga ciki, maganarmu ta yini ke nan.

Inna ba ta da cikakken hannu. Ciwon gaɓɓai ya lanƙwasa mata yatsu tun da daɗewa, ba sa miƙewa, ba sa kuma dunƙulewa. Kofi ma tsakanin tafukanta biyu take matse shi ta kai baki. Tana iya rungume jariri a cinya, amma ba ta iya ɗaure abu ko kwance shi.

Kashegarin suna aka bugo wa Yaya waya cewa 'yarta tana kan gwiwa. Ta haɗa kayanta tana cewa kwana uku za ta yi ta dawo. Sati uku ta yi. Kafin ta tafi ta roƙi maƙwabciyar nan tamu, wata dattijuwa mai dafa shinkafa da wake na sayarwa, ta riƙa zuwa da sassafe tana yi wa yaron wanka. Matar ta cika alkawari, amma rana na ɗagawa sai ta koma kan sana'arta. A cikin satin kuma zazzaɓi ya kama matata, ɗinkin ya fara ruwa ta gefe ɗaya. Nas ta ce kada ta sunkuya, kada ta ɗaga abin da ya fi kofi nauyi. Ko nono sai an ɗauko yaron an kwantar mata da shi a gefenta.

Ran da Yaya ta tafi, wajen hantsi, ina tsakar gida ina dafa sirinjina a ƙaramar tukunya, sai yaron ya fara kuka. Na ji gado ya yi ƙara, alamar uwarsa na ƙoƙarin tashi, na ji Inna ta ce mata, "Koma ki kwanta." Kukan ya ci gaba. Na tashi, na zauna, na sake tashi na je bakin randa na buɗe na rufe ban sha ruwan ba. Can sai na ji muryarta.

"Malam, kana kusa?"

"Ina nan, Inna."

"Shigo. Maigidana ya ɓata jikinsa."

Maigidanta shi ne jaririn, irin wasan nan na kaka da jika. Na tsaya a bayan labule na kasa gaba na kasa baya. A gidanmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban manya. Yayata har ta yi aure mahaifinmu bai taɓa kiran sunanta ba. Ni ma tun da aka haifi yaron sau biyu kawai na taɓa shi, duka a ɓoye.

"Inna, ko in kira maƙwabciya?"

"Tana bakin tukunyarta. Kafin ta sallami masu saye ta zo, kashin ya gama cin fatar yaron. Ka wanke hannu da sabulu tukuna, har gwiwar hannu. Hannun shanu ne."

Na wanke, na shiga kaina a ƙasa. Matata ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Inna na zaune a tabarma, ta ɗan karkata wajen bango, tana kallon aikin ta wutsiyar ido. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba.

Famfas ne a jikinsa, irin wanda ake yarwa in ya ɓaci, na sayo babbar leda tun kafin haihuwa. Inna ta sa na shimfiɗa leda a ƙasa na ɗora zane a kai. Ta sa na sirka ruwa a ƙaramin kwano na tsoma gwiwar hannuna in ji ɗuminsa. Ta ce in kama ƙafafunsa biyu da hannu ɗaya, in sa yatsana tsakanin idon sawunsa kada su gogi juna, in ɗaga kaɗan. Ƙafafun ba su kai kaurin babban yatsana biyu ba. Na ji kamar in na matsa za su ɓalle.

"Kafin ka buɗe, ka ɗora masa tsumma a gaba," in ji ta.

Na ji maganar, amma hankalina yana kan ƙafafun. Ina buɗewa iska ta taɓa shi, sai fitsari ya taso tsaye ya sauka a gemuna da gaban rigata. Matata ta fashe da dariya a ƙarƙashin mayafi, dariyar ta ja mata ɗinki, ta koma nishi tana dafe ciki. Inna ba ta yi dariya ba, sai dai na ga kafaɗarta na motsi.

"Namiji ne," ta ce. "Haka suke. Gobe ba za ka manta ba."

Ta bi da ni daki-daki. Auduga da ruwa, daga gaba a yi baya, wadda aka goga sau ɗaya a yar da ita. A buɗe matsematsinsa a goge, a ɗaga marainansa a hankali a goge ƙarƙashi, don nan kashi yake ɓuya. Gabansa kuwa waje kawai za a wanke, kada in kuskura in ja fatar. A dangwala busasshen tsumma har ya bushe, ba gogawa ba. Da na zo sa sabon famfas ta ce in kwantar da gaban nasa ya dubi ƙasa, in ba haka ba duk fitsarin ciki zai hau, in kuma naɗe bakin famfas ɗin ƙasa da cibiya, don a lokacin ba ta faɗi ba. Da na gama rigata ta jiƙe sharkaf, rabi fitsari rabi gumi. Na miƙa mata yaron a cinya na fita da baya.

Daga ranar zama ya gagare ni. Na ɗauki hutu a wurin aiki, amma ban huta ba. In yaron ya yi shiru in ce me ya same shi, in ya yi kuka in ce me na yi ba daidai ba. Ina zaune a zaure da littafi a hannu, kunnena na ɗaki. Yadda nake duba kashin saniya in san lafiyarta, haka na koma yi wa ɗana. In fito da famfas tsakar gida in buɗe a rana ina dubawa. Yawanci rawaya ne kamar an dama garin ɗorawa. Ran da ya yi ɗan kore na zo bakin labule da shi a hannu.

"Inna, yau fa kore ne."

"Yana shan nono?"

"Yana sha."

"Jikinsa da zafi?"

"Babu."

"To je ka yar."

Sai kuma maganar tsarki. A yini sai in canza riga sau uku, ina tsaye a sahu ina tunanin ko akwai ɗigon da ban gani ba a hannun rigata. Sau biyu na sake sallar azahar a gida saboda kokwanto. Wata rana bayan la'asar na jira mutane suka watse na tsaya wurin limamin masallacinmu, wani tsoho mai sanyin magana. Na zagaya, na zagaya, sannan na faɗa masa. Ya ce abin da ya sani, an yi wa mace mai shayarwa sauƙi a kan abin da ya taɓa tufarta in tana iya ƙoƙarinta, kuma ana so ta ware wata tufa don salla.

"To namiji fa, Malam?"

Ya shafa gemu. "Ba a taɓa tambayata ba," ya ce. "Ka ware riga ɗaya ka rataye. Abin da ka gani ka wanke, abin da ba ka gani ba kada ka bi shi da bincike."

Na buga ƙusa a bangon zaure na rataye wata farar riga da wando. Ya rage mini wani abu, amma bai hana ni shinshina hannun riga a hanyar masallaci ba.

Saɓaninmu na farko da Inna a kan cibiya ne. Tana so maƙwabciya ta riƙa gasa ta da tsumma mai zafi bayan wanka, kamar yadda aka saba. Ni kuwa nas ta ba ni wani magani a ƙaramin bututu, ta ce shi kaɗai za a shafa, a bar wurin a bushe. Na ga maruƙa da yawa da cibiya ta kashe, na san yadda abin yake farawa. Amma ba ni da bakin da zan ce wa Inna a'a. Sai na dubi matata, alhali Inna na zaune a wurin, na ce, "Ki gaya wa Inna nas ta ce kada a sa wa cibiyar komai sai wannan."

Matata ta ce, "Inna, kin ji."

Inna ta sunkuya kan jaririn. "Maigidana, ka gaya wa babanka duk waɗanda na haifa da gashin cibiya suka tashi."

"Ki gaya wa Inna haka ne," na ce, "amma a yi haƙuri a gwada wannan ɗin."

Inna ta ci gaba da kallon jaririn. Na zaci na ɓata mata rai, na fara neman yadda zan janye maganar. Sai ta ce, "Cibiyar ɗansa ce. A yi yadda ya ce." Ba ta sake tayar da zancen ba. Bayan kwana uku cibiyar ta faɗi a bushe, ta sa na haƙa rami a gindin darbejiyar tsakar gida na binne.

Kasuwar dabbobi ta Mai'adua ranar Lahadi take ci, kuma akwai dillalan da ba sa loda shanu sai na duba. Lahadi ɗaya na tsallake. Ta biyu wayata ta ƙi yin shiru tun asuba. Na ce da kaina famfas ai yana riƙe ruwa, zan je in dawo kafin azahar. Bayan wankan safe na sa masa sabo, na durƙusa na gaya wa Inna, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Na hau babur.

A kara na tarar da wani bijimi cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana kwance yana numfashi da ƙyar, mai shi wani Bafulatani yana tsaye kamar zai yi kuka. Ba yadda zan wuce shi. Na yi ta fama, na ɗura masa magani, muka tayar da shi muna zagayawa da shi, ya sake zubewa. Hannuna na aiki, zuciyata na Daura. Na ciro waya sau ba adadi, matata ba ta ɗauka, daga baya na ji ashe cajinta ne ya ƙare, kwana biyu ba wuta. Aka kira azahar ina kan bijimin. Aka kira la'asar ya fara sakin iska ke nan. Bafulatanin na yi mini godiya ina tayar da babur. Ban san yadda na wuce motocin shanun da ke hanya ba.

Ina shiga ban ma yi sallama ba. Inna na zaune a inda na bar ta, yaron a cinyarta ba komai a jikinsa, zanenta ya jiƙe har ƙasa. A gefe ga famfas ɗin safe a yage. Matata na kwance ta juya baya tana kuka ƙasa-ƙasa. Ita ta ba ni labari daga baya. Tun kafin azahar yaron ya yi kashi. Suka yi ta jirana, ana cewa yanzu zai shigo. Da kukan ya yi yawa ta yunƙura ta sauko, ɗinkin ya tsatso jini, Inna ta daka mata tsawa ta koma. Sai Inna ta sunkuya ta ɓalle famfas ɗin da haƙori. Ta matse tsumma tsakanin tafukanta ta tsoma a ruwa, ta goge shi iya yadda ta iya. Sabo kuwa ta kasa sa masa. Ta kuma ƙi ajiye shi a ƙasa, don yana ajiyuwa yake tsala ihu.

Na tsaya ina jiran faɗa. Abin da ta ce kawai, "Karɓe shi, Malam, in yi salla. Azahar ma tana kaina."

Na karɓe shi. Ta dafa bango ta miƙe, ƙafafunta sun yi tsami, ta fita tana jan zanen da ya manne mata a jiki. Har yau in na tuna fitar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Da na kwantar da shi na duba, duk ɗuwawunsa da matsematsinsa sun yi ja wur. Gaskiyar magana jan ya fara tun kafin ranar, ni ne na ƙi gani. Na sayo wani tsumman gogewa mai ƙamshi da ake sayarwa a leda, na daina wahalar sirka ruwa, ina kuma barbaɗa masa hoda har sai ya yi fari, ina jin na ƙware. Zaman da ya yi cikin kashi ya ƙarasa abin. Kashegari fatar ta saɓule a wuri biyu. Fitsari na taɓa wurin sai ya sandare ya ƙwalla kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Ina goge shi ina ba shi haƙuri kamar yana ji.

"Maigidana," in ji Inna, "ka ce wa babanka ya cire maka ledar nan. Wa ke naɗe mutum a leda cikin wannan zafi? Ga tsohon zanena nan a ƙullin kaya, a yayyaga a yi maka kunzugu. A nemo man kaɗanya."

Na ce to, amma ban yi ba. Na ƙara hoda. A raina ina cewa ni da na yi karatun magani ba zan koma tsumma ba. Ranar wankin ɗinki na ɗauki yaron muka tafi tare, bayan an gama da uwarsa na nuna wa nas. Ta duba, ta tambayi abin da ake goge shi da shi, na faɗa, ta girgiza kai. Ta ce a daina hodar, a daina mai ƙamshin, ruwa zalla da auduga. A bar shi a buɗe ya sha iska iya yadda za a iya. Ta rubuta wani man shafawa. Na tambaye ta kunzugun tsumma fa. Ta ce ba laifi, in dai yana jiƙewa za a cire, a wanke, a ɗauraye har sabulu ya fita tas, a shanya a rana.

"Wa ke canza masa?" ta tambaya.

"Ni."

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi matata, ta ci gaba da rubutunta.

Ban gaya wa Inna abin da nas ta ce ba. Muna komawa na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Inna, zanen nan da kika ce." Ta nuna mini ƙullin da haɓa. Wata tsohuwar atamfa ce da wanki ya cinye har ta yi laushi kamar auduga. Na yayyaga ta murabba'i-murabba'i, Inna ta koya mini naɗin da baki, na lalata uku kafin na huɗu ya zauna. Da safe in shafa na asibiti, da yamma man kaɗanya, ban tambayi kowa izinin haɗa su ba.

Nan wani sabon aiki ya buɗe. Unguwarmu ba famfo, sai in ɗaura jarka biyu a babur in je rijiyar burtsatse. Bokiti ɗaya na jiƙo, ɗaya na ɗauraya. In kankare kashin a masai, in wanke, in zuba tafasasshen ruwa, in shanya. Kafin na farko ya bushe na biyu ya ɓaci. Katangarmu kuwa ba a gama ta ba, iya ƙirji take, duk mai wucewa yana ganin igiya da wanda ke shanya.

Ba a yi kwana uku ba maganar ta isa majalisarmu ta bakin titi. Ran da na leƙa, ban ko zauna ba wani abokina, tun na firamare, ya ce, "Ga mai gidan wanki nan. Malam, in kawo nawa?" Aka yi dariya. Da ya tsaya nan da na yi dariyar tare da su. Sai ya ƙara da cewa ko dai an shanye ni ne. Ban yi barcin kirki ba kwana da kwanaki, raina a kusa yake. Na ce masa, "Kai da ka san ciwon ɗa, da yanzu kana gida, ba nan ba." Ban san ƙaramar 'yarsa na kwance tana gudawa ba. Ya tashi ya tafi. Yarinyar ta warke, amma mun fi wata huɗu ba ma gaisuwar kirki, kuma har yanzu ba mu koma yadda muke ba.

Jan ya fara bajewa a kwana na huɗu. Da yamma, in rana ta sauka daga baranda, sai in shimfiɗa tabarma da leda da zane in kwantar da shi ba kunzugu, yana ta wutsil-wutsil da ƙafa. Inna ta fara fitowa tana zama kusa da shi tana kore masa ƙuda da gefen mayafi. Ni kuwa in je igiya in taɓa shanya, in dawo in leƙa shi, in je zaure, in dawo.

"Zauna, Malam," ta ce wata rana. "Kana sa ni jiri."

Na zauna a can ƙarshen baranda, a ƙasa. Sai ta fara magana, da yaron take yi, muryarta ƙasa.

"Maigidana, ka san kana da kawu? Shi ne na fari. Kamarka ɗaya da shi, har wannan goshin. Kwanansa tara. An yi suna lafiya, kashegari ya ƙi kama nono, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Jikinsa ya riƙa sandarewa yana banƙarewa. Aka ce tsuntsu ne ya wuce ta kansa. Ni a lokacin yarinya ce, kuma ɗan fari ne, ko kuka ban isa in yi a gaban mutane ba."

Na san sunan ciwon da take faɗa, na san kuma ta cibiya yake shiga jikin jariri. Ban sani ba ko ita ma ta daɗe da yin wannan tunanin, ban kuma tambaya ba. Ta kore ƙuda, ta ce in duba kamar ya jiƙa zanen. Da na ba matata labari daga baya ta yi ta kallona, ashe ba ta taɓa sanin an haifi wani kafin babbar yayarsu ba.

Yaya ta dawo ranar wata Alhamis, ta same ni durƙushe a ɗaki da ƙafafun yaro a hannu, surukata na gefe. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta.

"Me zan gani haka? Tashi ka fita. Inna, ki yi haƙuri, wallahi ba tarbiyyar gidanmu ba ce."

"Ni na kira shi," in ji Inna.

Duk da haka Yaya ta karɓe yaron ta kore ni. Daga ranar aka mayar da ni bayan labule. Na koma aiki, amma in na dawo sai in tsaya a tsakar gida ina kallon shanya, in ga ba a ɗauraye wani da kyau ba, ya bushe da tauri, in sauke shi a ɓoye in sake ɗaurayewa. Sau ɗaya na ce wa Yaya kada ta sa hoda. Ta ce 'ya'ya nawa na taɓa raino. Na ɗauke hodar na jefa a jakar aikina.

Da ɗinkin ya kame likita ya sallame ta, aka ce su tafi Sandamu ta ƙarasa arba'in a gida. Na samo mota, na loda kaya, na naɗe kunzugun da kaina na sa a leda daban. Inna ta shiga gaba, da ƙyar ta ja ƙofar da tafin hannu. Ta ce, "Allah ya yi albarka, Malam," tana duban gilashi. Motar ta tashi.

Kwana biyu na iya yi. A na uku na sayi sabulu da auduga na hau babur. A Sandamu iyakata zaure, nan na zauna da surukina, wani dattijo manomi mai son hira. Yana ba ni labarin irin geron da ya tanada da yadda hadari ke haɗuwa yana watsewa, sai na ji kukan yaron daga can cikin gida. Na san wannan kukan, ba na yunwa ba ne, jiƙewa ya yi. Na miƙe tsaye. Dattijon ya dube ni. Na gyara riga na koma na zauna. Kukan ya ɗan ja, sannan ya tsaya.

"Akwai wani ragona da ke tari," in ji shi bayan wani lokaci. "Ko za ka duba shi tunda ka zo?"

Muka zagaya turke ta bayan gida. Tarin ba wani abu ba ne, ƙurar dusa ce, amma na buɗe bakinsa, na saurari ƙirjinsa, na ba shi magani. Na ce a riƙa yayyafa wa dusar ruwa. Aka fito mini da fura na sha a tsaye, na ba da saƙon sabulun a kai ciki, na kama hanyar Daura iska na kaɗa ƙasa a gabana, ga hadari ya taso ta gabas.

Bayan kwana biyu na sake komawa. Na ce na zo ganin yadda ragon ya kwana.